Ɗanyar madara a gaban shari'a: makiyayi ɗaya, mutum 12 da dokar jaha

Wanda ya tashi a ƙasar da a ke ɗauko ƙwaryar nono daga ruga a kai kasuwa kowace safiya, zai sha mamaki in aka ce masa akwai inda mutum ya ke fuskantar kaso sabili da madarar da ya tatsa daga shanunsa. Amma haka ta faru a Amurka cikin shekara ta 2013, a wani ƙaramin gari mai suna Baraboo na jahar Wiskonsin. An yi kwana biyar ana shari'a, kuma sai wajen ƙarfe ɗaya na dare, wayewar Asabar 25 ga watan Mayu, aka yanke hukunci. Waɗanda suka yanke shi mutum 12 ne daga cikin talakawan lardin, waɗanda a ke kira ƴan juri, kuma har yau ana gardama a kan ko doka suka bi ko zuciyarsu.

Wanda aka gurfanar, sunansa Vernon Hershberger, makiyayi ne kuma manomi, mai ƴaƴa goma. Ya tashi cikin jama'ar Amish, watau wata ɗariƙa ta Kirista da ta ke nisantar yawancin kayan zamani, har mota da lantarki. Gonarsa tana kusa da ƙauyen Loganville. Dokar Wiskonsin ta hana cinikin ɗanyar madara, in banda ɗan abin da baƙo ya kan saya jefi-jefi a bakin gona. Domin a kauce ma wannan hani, sai shi da masu shan madararsa, su wajen 200, suka kafa ƙungiya. Suka ce shanun suna hannun ƴan ƙungiya ne bisa yarjejeniyar haya, shi kuwa kiwo ya ke yi musu, saboda haka babu ciniki a tsakaninsu, balle a nemi takardar izinin ciniki. A cewarsu, mutum ba ya sayen abin da ya ke nasa.

Ma'aikatar noma ta jahar ba ta karɓi wannan hujja ba. Ran 2 ga watan Yuni 2010, mako biyu bayan da gwamna Jim Doyle ya ƙi sa hannu a kan wata doka da majalisa ta amince da ita don halatta sayar da ɗanyar madara a gonaki, ma'aikata suka sauka a gonar. Suka zuba shuni cikin babban tankin madara domin kada ta shawu, suka liƙe akwatunan sanyi, suka ba da umurni a rubuce cewa kada a taɓa abin da ke ciki. Ba da jimawa ba Hershberger ya yanke liƙin, ya ci gaba da ba ƴan ƙungiya abincinsu, kuma bai yi a ɓoye ba. Daga nan aka tuhume shi da laifi huɗu. Uku na rashin takardun izini ne: na shagon sayar da abinci, da na tatsar madara don kasuwa, da na masana'antar sarrafa madara. Na huɗu shi ne karya umurnin hukuma.

Ya kamata mai karatu ya san cewa madara ba ƙaramin abu ba ce a Wiskonsin. A jikin lambar motocin jahar an rubuta cewa ita ce ƙasar madara ta Amurka, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cukun da a ke yi a ƙasar daga can ya ke fitowa. Manyan kamfanonin madara suna cikin waɗanda suka matsa ma gwamna ya ƙi sa hannu, don suna tsoron annoba ɗaya ta ɓata sunan jahar duka.

Mafarin hanin

Ba don jin daɗin mulki aka kafa waɗannan dokoki ba, kuma duk wanda ya karanta tarihin biranen Amurka na ƙarni na 19 zai gane haka. A birnin Niyok, an riƙa tara shanu cikin rumfuna masu duhu kusa da masana'antun giya, ana ciyar da su dusar da ta rage bayan an tace barasa. Shanun suna ciwo, madararsu tsararo ce mai shuɗi-shuɗi, sai ƴan kasuwa su zuba mata alli da gari da ƙwai don ta yi kama da ta kirki. Cikin 1858 jaridar Frank Leslie mai hotuna ta tona asirin, kuma jaridar New York Times ta ƙiyasta cewa wannan madara ta kashe jarirai wajen dubu 8 cikin shekara guda. Uwar da ta saya ba ta da hanyar sanin abin da ke cikin gwangwanin. A ƙauye mutum ya san saniyar, ya san mai tatsar, ya san ko ta wanke ƙwarya. A birni duk wannan sani ya ɓace, kuma hukuma ce kaɗai za ta iya tsayawa a madadinsa.

Magani ya fito daga aikin masanin nan na Faransa, Luwi Pastar, wanda ya gano cikin shekarun 1860 cewa zafi madaidaici yana kashe ƙwayoyin da ke ɓata abin sha. A kan giyar inabi ya fara gwadawa, daga baya waɗansu suka mai da dabarar kan madara. Ana zafafa ta zuwa digiri 63 har minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, sa'an nan a sanyaya ta nan da nan. Wannan ya isa ya kashe ƙwayoyin tarin fuka na shanu, da na bakkale mai sa shanu ɓari, ya sa mutane zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da na taifot, da sauran masu kawo zawo. Matan da su ke dafa madara kafin su kwantar da kindirmo, aikin da su ke yi ke nan, ko da ba su taɓa jin sunan Pastar ba. Wani attajiri mai suna Nathan Straus ya buɗe wuraren raba irin wannan madara ga talakawan Niyok tun 1893. Birnin Shikago ya wajabta zafafawar cikin 1908, sauran birane da jahohi suka bi sannu a hankali, kuma cikin 1987 hukumar abinci da magunguna ta tarayya, FDA, ta hana a ƙetara da ɗanyar madara daga wata jaha zuwa wata don sayarwa. Abin da ya shafi cikin jaha kuwa, an bar ma kowace ta tsara nata. Shi ya sa abin da ya ke laifi a Wiskonsin, a Kalifoniya ana sayar da shi cikin kanti.

Sakamakon a bayyane ya ke. Cikin 1938, kashi 25 cikin 100 na annobar da abinci da ruwa suka haddasa a Amurka daga madara ta fito. Daga baya abin ya sauka ƙasa da kashi 1. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta bincika shekarun 1993 zuwa 2006, ta ƙirga ɓarkewar cuta sau 121 daga madara da abin da a ke yi da ita. Sau 73 daga ɗanya ne, alhali masu shanta ƴan kaɗan ne ƙwarai. Mutum 1571 suka kamu, aka kwantar da 202 a asibiti, biyu suka rasu.

Masu goyon bayan Hershberger ba su rasa abin faɗa ba, kuma adalci ne a saurare su. Suna cewa: mutum biyu cikin shekara 14, a ƙasar da taba da barasa su ke kashe dubban ɗaruruwa kowace shekara, kuma ana sayar da su a kowane lungu! Suna tunatarwa cewa cikin 1985 madarar kamfani, wadda aka zafafa, ta sa ma fiye da mutum dubu 16 ciwo a jahar Ilinoi da kewayenta, domin in babbar masana'anta ta yi kuskure, jaha guda ce ta ke sha. Suna ƙarawa da cewa madarar rumfunan Niyok daban, ta saniyar da ke kiwo a fili daban, kuma baligi mai hankali wanda ya je gona da ƙafarsa, ya ga wurin da idonsa, ya sa hannu a takarda, ba ya bukatar gwamnati ta riƙe masa cokali. In an tsaya a kan baligi, wannan magana tana da ƙarfi. Inda ta ke rauni shi ne, ba baligi kaɗai ke shan madara ba. A binciken da muka ambata, wajen kashi 60 cikin 100 na waɗanda ɗanyar madara ta kwantar ba su kai shekara 20 ba. Akwai wata ƙwayar cuta, E. coli O157:H7, da ta ke zaune cikin hanjin saniya mai ƙoshin lafiya ba tare da ta dame ta ba. Ɗigon kashi da ido ba ya gani ya isa ya kai ta cikin bokiti, kuma in ta shiga ƙaramin yaro ta kan iya tsai da ƙodarsa. Yaron nan bai sa hannu a takardar kowa ba.

Ikon da ba a rubuta ba

To, su wa ne waɗannan mutum 12, kuma daga ina suka samu ikon juya ma gwamnati baya? A tsarin shari'ar Ingila, wanda Amurka ta gada, aiki a rabe ya ke. Alƙali ya faɗi abin da doka ta ce, ƴan juri kuwa, waɗanda a ke ɗebowa daga jerin sunayen ƴan ƙasa, su duba ko wanda a ke tuhuma ya aikata. Su kaɗai su ke shiga ɗaki su yi shawara, alƙali ba ya bin su. In sun fito, kalma ɗaya su ke faɗi, da laifi ko ba laifi, ba sa ba da dalili. In kuwa suka ce ba laifi, magana ta ƙare, domin gyara na 5 na tsarin mulkin Amurka ya hana a sake gurfanar da mutum a kan laifin da aka wanke shi. Daga haɗuwar waɗannan ƙa'idodi ne wata ƙofa ta buɗe wadda ba wanda ya gina ta da gangan: ƴan juri suna iya tabbata cewa mutum ya karya doka, su kuma sake shi, don suna ganin dokar ce ba ta da adalci, ko hukuncin ya fi laifin nauyi. Wannan shi ne abin da a ke nufi da watsin juri da doka.

Tushen abin yana birnin Landan. Cikin watan Satumba 1670 aka gurfanar da William Penn da William Mead saboda sun yi wa'azi a kan titi, alhali doka ta hana taron ibada wanda ba na cocin gwamnati ba. Babu shakka sun yi wa'azin. Ƴan juri suka ƙi cewa taron laifi ne. Alƙalai suka kulle su kwana biyu, ba ci, ba sha, ba wutar jin ɗumi, amma ba su sauya ba. Sai aka ci su tara, aka jefa su kaso har su biya. Ɗaya daga cikinsu, Edward Bushel, ya ƙi biya, ya kai ƙara, kuma babban alƙali John Vaughan ya yanke cewa ba a hukunta ɗan juri saboda hukuncin da ya bayar. Penn ɗin nan shi ne daga baya ya kafa Pensilbaniya. A Niyok, cikin 1735, ƴan juri sun wanke mai buga jarida John Peter Zenger wanda ya soki gwamnan da Ingila ta naɗa a can, ko da ya ke dokar lokacin ba ta karɓar gaskiyar magana a matsayin kariya. Bayan dokar 1850 da ta tilasta a mai da bayin da suka gudu ga iyayen gijinsu, ƴan juri na jahohin arewa sun sha ƙin hukunta waɗanda suka taimaki bayin.

Waɗannan labarai su ne masu yabon watsin juri su ke son bayarwa. Akwai wanda ba su cika so ba. Cikin watan Agusta 1955, a jahar Misisipi, aka sace wani yaro baƙar fata mai shekara 14, Emmett Till, aka azabtar da shi, aka kashe shi, aka jefa gawarsa cikin kogi. Aka gurfanar da fararen fata biyu gaban juri wadda duk ƴan cikinta fararen fata ne. Cikin minti 67 suka fito suka ce ba laifi. Bayan ƴan watanni, mutanen biyu suka ba mujallar Look labarin yadda suka yi kisan, aka biya su kuɗi, kuma shari'a ba ta da yadda za ta yi da su. Ƙofar da Penn ya fita, ta nan waɗannan ma suka fita. Saboda haka kotunan Amurka suka tsaya a wani matsayi mai wuyar fassarawa: ikon yana nan, amma ba a sanar da shi. Kotun ƙoli ta yanke cikin 1895, a shari'ar Sparf, cewa ba wajibi ba ne alƙali ya gaya ma ƴan juri suna iya yin watsi da doka, kuma a yawancin kotuna lauyan da ya nemi su yi haka a fili, alƙali zai tsawata masa. Akwai wata ƙungiya da aka kafa a jahar Montana cikin 1989, aikinta ke nan raba takardu don sanar da jama'a wannan iko, kuma masu fafutukar ɗanyar madara sun rungumi ra'ayin hannu biyu.

Abin da aka hana faɗi a Baraboo

A nan ne, a ganinmu, gwamnatin Wiskonsin ta yi ma kanta illa. Alƙalin da ya jagoranci shari'ar, Guy Reynolds, ya yanke tun farko cewa ba za a tattauna amfanin ɗanyar madara ko haɗarinta ba, don tuhumar ta takardun izini ce kawai. Ta fuskar ƙa'ida yana da hujja. Amma a duba abin da ya rage a gaban mutum 12 ɗin. Ga uban ƴaƴa goma, ga maƙwabta suna shaida cewa da son ransu suka shiga ƙungiya, ga ma'aikata da suka zuba shuni cikin abinci mai kyau a ido, kuma ba a kawo ko mutum ɗaya da madarar ta sa ma ciwo ba. Hujjar gwamnati mafi ƙarfi, watau jariran Niyok da ƙodar ƙananan yara, an bar ta a bakin ƙofa. Abin da aka shigo da shi takardu ne da hatimi. Talaka kuwa, a ko'ina ya ke, ba ya son ya ga an ɗaure mutum saboda takarda.

Suka wanke shi daga tuhuma uku na izini, suka same shi da laifin karya umurni. Alƙali ya ci shi tarar dalar Amurka dubu ɗaya (kada a haɗa ta da dalarmu ta tamma biyar) da kuɗin kotu, ba tare da ɗauri ba. Kafin a yanke tarar, waɗansu daga cikin ƴan jurin sun rubuta ma alƙali wasiƙa suna roƙon sassauci. Magoya bayansa suka yi ta shelar cewa juri ta yi watsi da doka. Mai yiwuwa ne. Mai yiwuwa kuma sun gamsu ne kawai cewa ƙungiyar ba shago ba ce, wanda fassarar doka ce, ba watsi da ita ba. Tun da ba a tambayar juri dalili, kowa ya ɗauki fassarar da ta yi masa daɗi.

Abin da ya faru a maƙwabciyar jaha, Minesota, ya nuna iyakar irin wannan nasara. Wani mai kiwon kaji, Alvin Schlangen, yana kai ma ƴan wata ƙungiya ɗanyar madara da sauran abinci. Cikin Satumba 2012 juri ta wanke shi a birnin Miniyapolis. Cikin Agusta 2013 wata juri, a wani lardi na jahar, ta same shi da laifi biyar a kan aiki kusan iri ɗaya. Mutum ɗaya, jaha ɗaya, hukunci biyu. Juri tana iya kuɓutar da wanda ke gabanta, amma hukuncinta ba ya zama ƙa'ida ga kowa, kuma makiyayi na gaba bai san irin mutanen da ƙuri'a za ta ɗebo masa ba.

Faransa, wadda muka fi sanin tsarin shari'arta, ta gamu da wannan matsala, ta bi wata hanya. Ta ɗauki tsarin juri cikin 1791. A farkon ƙarni na 19 ƴan juri suka riƙa sakin masu laifi bayyananne saboda hukuncin kundin 1810 ya yi tsanani, har ta kai cikin 1832 aka ba su damar cewa akwai dalilan sassauci, domin su daina zaɓa tsakanin kisa da saki. Watau watsin da su ke yi ya tilasta ma majalisa gyara doka. Cikin 1941 aka haɗa alƙalai da ƴan juri a ɗaki ɗaya su yi shawara tare, kuma tun 2012 wajibi ne kotun manyan laifuka ta rubuta dalilan hukuncinta. A batun madara ma ba ta bi hanyar hani ba. Makiyayi yana iya sayar da ɗanya in ya samu izinin hukumar lardi, shanunsa ba su da tarin fuka ko bakkale, ana gwada madarar, ana rubuta ma mai saye abin da ya saya, kuma hukumomin lafiya suna gargaɗin kada a ba yaran da ba su kai shekara 5 ba. Wannan tsari bai kawar da haɗari ba, amma ya ajiye makiyayi a inda ma'aikacin lafiya zai iya ganinsa. Hanin Wiskonsin kuwa ya tura cinikin cikin ƙungiyoyin da ba wanda ke gwada madararsu.

Hukuncin Baraboo bai canza ko harafi ɗaya na dokar jahar ba, kuma bai canza abin da ke cikin bokiti ba. Cikin watan Satumba 2014, wata 16 bayan shari'ar, ƴan wasan ƙwallo na wata makarantar sakandare a garin Durand na Wiskonsin suka yi liyafar cin abinci, wani daga cikin iyayen yara ya kawo ɗanyar madara. Mutum 38 suka kamu da zawo da zazzaɓi na ƙwayar Campylobacter, aka kwantar da waɗansu a asibiti. Daga wata gona dabam madarar ta fito, ba ta Hershberger ba, kuma binciken hukumar lafiya ya samu irin ƙwayar nan cikin kashin shanun gonar.